Shukar Tukunya: Aikin Rani da Ƙungiyoyinmu Za Su Iya Yi

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi ta Bompai ko Sharada a Kano ya ga tukwanen shuke-shuke a ƙofar ofisoshi da cikin ɗakunan baƙi na kamfanoni. Ya kuma ga masu sayar da furanni a bakin titi sun jera leda-leda a inuwar itatuwa. Masana'antu da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990, musamman masaƙu, amma waɗanda suka rage, da bankuna da otal-otal da gidajen manya, har yanzu suna sayen waɗannan shuke-shuke. Samarinmu da suke zuwa ci-rani sukan sami aikin gadi ko na lambu a can. Sai a ce wa mutum, "Ga furanni nan, ka kula da su," ba wanda ya koya masa yadda ake yi. In shukar ta mutu, aikin ma ya tafi.

Haka ya faru da wani ɗan'uwa daga cikinmu. An ba shi tukwane ya raina a wani kamfani. Da aka ɗauke ruwan famfo da bazara, sai ya riƙa ɗiba daga lambatun bayan masana'anta. Kafin wata biyu bakin ganyayen ya ƙone, wani farin abu kamar kanwa ya fito a bakin tukwanen. Manomi ne na ƙwarai a gida, amma bai san cewa tukunya ba gona ba ce. A gona saiwa takan bi danshi ta nemi abinci da kanta, ruwan damina kuma yana wanke ƙasa. A tukunya kuwa, abin da ka zuba shi kaɗai shuka take da shi, mai kyau ko mummuna.

RUWA DA ƘASAR DA ZA MU GUJE WA

Bompai ita ce tsohuwa a cikin unguwannin masana'antun nan uku. Ruwan da yake fita daga cikinta yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara. Na Sharada yana bin rafin Salanta. Na Challawa, wajen Panshekara, yana gangarawa kogin Challawa. A Sharada da Challawa akwai kamfanonin jimar fata. Ana adana fata da gishiri, ana kuma jeme ta da wani sinadari da ake kira kuromiyom. Gishirin yana hana saiwa shan ruwa, sai shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take. Kuromiyom kuwa ba ya ruɓewa kamar taki, a ƙasa yake zama.

Saboda haka kada mu ɗebi ruwa daga waɗannan magudanu, kada kuma mu kwashi baƙar laka ta bakinsu muna zaton taki ne. Mu yi amfani da ruwan sama, ko na rijiya mai kyau, ko na famfo. In wannan ruwa yana cutar da furen ado, to, mu yi tunani sosai a kan latas da alayyafo da za su shiga cikin 'ya'yanmu.

YAUSHE SHUKA TAKE NEMAN SABUWAR TUKUNYA?

Ita da kanta za ta nuna. Saiwoyi za su leƙo ta hujin gindin tukunya. In ka zuba ruwa sai ya zarce ƙasa nan da nan, ko kuwa ƙasar ta bushe kafin yamma. Sababbin ganye za su riƙa fitowa ƙanana. Moɗa ma takan fasa tukunyarta in wuri ya yi mata kaɗan. Yawancin shuke-shuken ɗaki sukan nemi sauyi bayan shekara 1 ko 2.

Lokacin da ya fi kyau a ƙasar Kano shi ne farkon damina, wajen watan Yuni, sa'ad da iska take da danshi. Kada a yi da tsakiyar hunturu, ko cikin zafin Afrilu. A yi da yamma, a inuwa.

YADDA AKE SAUYAWA

1. Nemi tukunyar da ta fi tsohuwar faɗi da inci 1 ko 2 kawai. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba, sai ta ruɓe. Tukunyar yumɓu ta maginanmu ta fi ta roba shan iska. Lalle ta kasance da huji a gindi. In sabuwa ce, a jiƙa ta a ruwa ta kwana.

2. Haɗa ƙasa: kwano 2 na ƙasar saman gona, kwano 1 na yashin rafi mai tsabta, kwano 1 na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Moɗa da alobera da kariya sun fi son yashi, a ƙara musu.

3. Ba shukar ruwa tun ana gobe za a sauya, don ƙasar ta fito a dunƙule.

4. Ɗora tsingaro guda a kan hujin. Ba sai an cika gindin da tsakuwa ba, ba ta ƙara zubar ruwa.

5. Kife tsohuwar tukunya a tafin hannu, ka bubbuga gefenta. Kada ka ja shukar ta kara. In saiwoyi sun nannaɗe kamar gammo, ka warware su a hankali da yatsa. Waɗanda suka yi baƙi suka yi laushi, ka yanke da wuƙa mai tsabta.

6. Dasa ta daidai zurfin da take a da. Cika gefe da ƙasa, ka danna kaɗan, ka bar kamar inci 1 a sama domin ruwa.

7. Ba ta ruwa har ya fita ta ƙasa. Ajiye ta a inuwa mako guda. Kada a sa takin zamani sai bayan wata guda.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe shukar ɗaki. Sa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ɗaya. In da danshi, bari sai gobe. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashi a zubar, gama yana ruɓar da saiwa, sauro kuma yana haihuwa a ciki. Shuka tana bukatar haske, a ajiye ta kusa da taga, amma ba inda ranar tsaka za ta buge ta ba, ba kuma gaban na'urar sanyaya ɗaki ba. Da hunturu ƙura takan rufe ganye, a riƙa shafewa da jiƙaƙƙen tsumma. In an ga wasu ƙananan ƙwari farare kamar auduga a gindin ganye, a wanke su da ruwan sabulu marar kauri. In farin gishiri ya fito a saman ƙasa, a kankare shi, a zuba ruwa mai kyau da yawa ya ratsa ya fita.

Gargaɗi guda ga iyaye: ruwan jikin kariya dafi ne. Haka kuma wata shukar ofis mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari tana kumbura baki in yaro ya tauna. A nisanta su daga yara da awaki, a wanke hannu bayan aiki.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Wannan aiki bai bambanta da rainon dashen mangwaro da gwaiba da darbejiya a leda ba, wanda da yawanmu mun riga mun iya. Ƙasa da taki da ruwa mai tsabta muna da su a ƙauye, su ne kuwa suke wuyar samu a birni. Moɗa da alobera suna haifar 'ya'ya a gindi, a raba su lokacin sauya tukunya, guda ta zama uku ko huɗu ba a sayi iri ba. Zumuntar mata da matasa za su iya farawa da rumfa guda kusa da rijiya. A fara da kaɗan, a nemi mai saye tukuna kafin a yawaita. Kada kuma mu sayar da shukar da aka dasa jiya, wadda ba ta kama ba. Mai saye ba zai dawo ba, sunan ƙungiya da na ekklesiya ne zai ɓaci.

Mun san misalin mai shuka a Matiyu sura 13, yadda irin da bai sami zurfin ƙasa ba ya bushe da rana ta yi zafi. A taronku na gaba, ku kawo tukunya guda da shuka guda, wanda ya iya ya nuna wa sauran, musamman samarin da suke shirin tafiya Kano bayan kaka. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.