Shinge Mai Rai: Hanyar Kare Lambu Daga Ɓarnar Namun Daji

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda mai lambu zai tsare shukarsa daga namun daji da itatuwa masu rai, maimakon waya mai tsada ko shingen sararriyar ƙaya. Shingen ƙaya yana da illa biyu: gara tana cin sa, tilas a riƙa sabunta shi, sa'an nan saran da ake yi dominsa yana ƙara tsiraita daji. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, shinge ba ya biyan bukata sai ya dace da hanyar da dabba take bi ta shiga lambu. Bisa wannan ma'auni muka kasa dabbobin kashi huɗu.

Masu Kutsawa

Kashi na farko su ne masu kutsawa ta kafa, kamar gadu da gada da zomo. Itatuwan da suka dace da su iri biyu ne. Akwai masu ƙaya, watau magarya da bagaruwa da sarƙaƙiya, waɗanda suke tare hanya. Akwai kuma masu ƙaro mai guba, irin su aguwa da bini-da-zugu, waɗanda dabba ba ta kiwo, saboda haka shingen ba ya zama abinci. Aguwa reshenta ake sara a kafa a ƙarshen bazara, gab da faɗuwar ruwa, domin yawan danshi yana ruɓar da reshen da bai yi saiwa ba. Ya fi kyau a yi layi biyu, mai guba daga waje yana kare mai ƙaya har ya yi ƙarfi, kuma a riƙa sare kawunansu domin rassa su cika ƙasa, gama ta ƙasa ake kutsawa.

Masu Haƙa da Masu Hawa

Gafiya da beguwa da kurege ba ruwansu da tsawon shinge, ta ƙarƙashinsa suke bi. Maganinsu shi ne a haƙa kwari a gindin shingen a cika shi da duwatsu, a kuma share ciyawar da ke kewaye, yadda sabon rami zai fito fili. Biri kuwa ta sama yake zuwa, don haka wajibi ne a sare duk reshen da ya leƙo lambu daga waje. Duk da haka, sai an haɗa da gadi ko kare.

Giwa

Ba ƙayar da take tare giwa, wadda ɓarnarta sananniya ce a gonakin da ke gefen dajin Yankari. A nan akwai darasi daga Kenya, inda Dokta Lucy King ta gwada shingen amya, saboda giwa tana gudun zuma. Ana rataya amya a kan dirka, tsakaninsu kamar mita 10, a haɗa su da waya. Idan giwa ta taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, zuma ta fito. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro gonakin sun juya. Sharaɗin shi ne amyar ta kasance da zuma a ciki.

Kammalawa

Akwai abubuwan lura. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, kuma saiwar shinge tana raba ruwa da shukar da ke kusa, don haka a bar tazara. Bugu da ƙari, shinge mai rai yana ɗaukar shekaru kafin ya rufe. Shawararmu ga kwalejojin ilimi ita ce su kafa irin wannan shinge a lambunansu na koyarwa, a kuma horar da ɗalibai su fara duba sawu da rami, su gane mai ɓarnar, kafin su zaɓi abin da za su dasa.