Kamammun Yaƙi a Bayan Kuɗin Rumawa

A shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani saurayi ɗan babban gida a birnin Rum mai suna Faustus Sulla ya samu muƙamin kula da buga kuɗi. Sai ya sa aka buga wani ɗan kuɗin azurfa wanda faɗinsa bai wuce santimita biyu ba, nauyinsa kuma kamar giram huɗu. A bayansa mutum uku ne. Na tsakiya yana zaune a kujera bisa dakali. Wannan Sulla ne, mahaifin saurayin. A gabansa wani ya durƙusa yana miƙa masa reshen zaitun. Wannan Bokus ne, sarkin ƙasar da ta faɗa cikin Maroko ta yau. Na ukun ma a durƙushe yake, amma a bayan kujerar, an ɗaure masa hannuwa ta baya. Shi ne Jugurta, sarkin Numidiya, a arewacin Aljeriya ta yanzu. Ya yi shekaru yana gasa wa rundunonin Rum aya a hannu da yaƙin sari-ka-noƙe, har sai da surukinsa Bokus ya yaudare shi, ya miƙa shi ga Sulla a shekara ta 105. Da shekara ta zagayo aka zaga da shi titunan Rum cikin sarƙa, aka jefa shi wani kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ake kira Tulliyanum, can ya mutu. Kusan shekara hamsin bayan haka, ɗan wanda ya karɓe shi yana ci gaba da neman suna da ɗaurin nan.

Irin waɗannan kuɗaɗe masu hoton kamammu suna da yawa, har akwai masu tara tsofaffin kuɗi da ba sa neman komai sai su. Rumawan da ake magana a nan su ne magabatan daular nan ta Gabas wadda Suratur Rum ta ambaci yaƙinta da Farisa.

Me ya sa gwamnati za ta zana ɗaurarren mutum a jikin kuɗinta? A zamanin da babu jarida babu rediyo, ba abin da ke shiga kowane hannu kamar kuɗi. Sojan Rum a zamanin Sarki Agustus yana karɓar dinari 225 na azurfa a shekara, ya kashe su a kasuwannin Siriya ko bakin kogin Rayin, saƙon da ke jikinsu ya bi mai burodi da mai jaki har gida. Wanda bai iya karatu ba ma zai gane mutumin da aka ɗaure. Da hannu ake buga su, kamar yadda maƙeri ke aiki a kan uwar maƙera: a sassaƙa hoto a kan hatimi biyu na ƙarfe, a sa guntun azurfa ko tagulla a tsakani, a sauke guduma. Shi ya sa da wuya ka ga biyu da suka yi daidai. Wani hoton ya karkace, wani rubutun ya fita gefe.

A zamanin Juliyas Kaisar aka fi fito da fuskar kamamme fili. A shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai buga kuɗi da ake kira Hostiliyus Sasarna ya fitar da dinari mai kan wani mutumin Gol, wato Faransa ta yau: gashi buzu-buzu ya tashi baya, gemu ya tsaya, kumatu sun faɗa, garkuwar mutanensa a bayan ƙeyarsa. Masu tara kuɗi da yawa suna kiransa Barsinjetoriks, jagoran da ya miƙa wuya a Alesiya a shekara ta 52, wanda a lokacin da aka buga kuɗin yana tsare yana jiran kisa, aka kuma kashe shi a shekara ta 46. Wasu masana sun ce ba shi ba ne, siffar kowane Bagole ce kamar yadda Rumawa ke kallonsa. Ko wane ne, wanda ya sassaƙa hatimin ya kalli mutum mai yunwa da baƙin ciki da idonsa. Akwai kuma wata alama da ta zama ruwan dare: kututturen itace da aka sa wa sulke da kwalkwali da garkuwar abokan gaba, kamammu biyu a gindinsa, namiji a ɗaure, mace tana kuka.

Wanda ya fi kowane suna shi ne na ƙasar Yahudiya. Yahudawa sun yi wa Rum tawaye a shekara ta 66 miladiyya, Taitus ɗan Sarki Baspasiyan ya ci birnin Ƙudus a shekara ta 70, aka ƙone Haikalin. A shekara ta 71 aka cika daula da wani babban kwabon tagulla mai nauyin kusan giram 25. A tsakiyarsa bishiyar dabino ce, alamar ƙasar. A dama wata mace ta zauna a gindinta, ta lulluɓe kai, ta yi tagumi. A hagu, a wasu, namiji ne a tsaye an ɗaure hannuwansa, makamai a zube a bayansa. A wasu kuma sarkin ne da kansa, riƙe da mashi, ya taka kwalkwali da ƙafa ɗaya, an yi shi dogo har ya kusa kai ganyen dabinon. Rubutun kalma biyu ne da Latinanci, IVDAEA CAPTA, ma'ana an kame ƙasar Yahudiya. An buga saƙon nan da zinariya da azurfa da tagulla, shekara da shekaru, domin Baspasiyan ba jinin sarauta ba ne, da yaƙin basasa ya hau gado, yana bukatar nasarar da zai nuna wa jama'a. Marubucin tarihi Yusufus, wanda shi kansa kamamme ne a yaƙin kafin ya koma gefen Rumawa, ya ce an kama mutum 97,000. Wasu an tura su aikin bauta a Masar, wasu an jefa wa namun daji a filayen wasa, yara an sayar. Mace ɗaya da ta yi tagumi a gindin dabino ita ce ta tsaya a madadinsu duka, kuma ni a ganina duk wanda ya riƙe kwabon nan ya dace ya tuna da haka kafin ya tambayi farashinsa.

Waɗanda aka ci da yaƙi ma sun taɓa mayar da martani da kuɗi. A tawaye na biyu, wanda Bar Kokba ya jagoranta daga shekara ta 132, 'yan tawayen sun riƙa ɗaukar kuɗin Rum su goge hoton, su buga nasu a kai: ƙofar Haikali, inabi, garaya. Idan aka duba wasu da kyau, ana hango inuwar hancin sarkin Rum ko wasu haruffan sunansa a ƙarƙashi.

Mai karanta waɗannan kuɗaɗe sai ya yi hattara, domin kirari ne, kuma kirari ba ya faɗin inda gwani ya faɗi. A shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, Fartiyawa masu mulkin Farisa sun murƙushe rundunar Rum ta Karasus a Harran, suka kwashe tutocin Rum. Bayan shekara 33 Agustus ya karɓo tutocin ta hanyar sulhu, ba a zare takobi ba. Duk da haka dinarin da aka buga ya nuna Bafartiye a durƙushe yana miƙa tuta. Sarki Domishiyan ya buga GERMANIA CAPTA a shekara ta 85 miladiyya, alhali mafi yawan ƙasar Jamusawa ba ta taɓa shiga hannun Rum ba. Marubuci Tasitus har ya zarge shi da sayen bayi a yi musu shiga irin ta kamammu don bikin nasara. Kuma gwargwadon yadda daular ke rauni, gwargwadon yadda hoton ke ƙara tsanani. Daga shekara ta 348 aka riƙa buga ƙananan kwabbai da ke nuna sojan Rum yana soke mahayin da dokinsa ya faɗi, da rubutun da ke shelar dawowar zamanin jin daɗi. A zamanin Balantiniyan da ɗan'uwansa Balans, sarki ne ke jan kamamme da gashin kai, ɗaya hannun riƙe da tuta mai alamar Kiristanci. A shekara ta 378 Gotawa suka kashe Balans ɗin a Adirna, a Turkiyya ta yau, tare da mafi yawan rundunarsa.

Tara kuɗin Rum tsohuwar sha'awa ce a Turai. Tun a ƙarni na 14 manoman inabi ke kawo wa mawaƙi Fetarak abin da suka tono. A ƙarni na 16 wani gwanin sassaƙa a Faduwa ta Italiya, Jobanni da Kabino, ya riƙa yin kwaikwayon manyan kwabbai da kyau har yau suna ruɗin masu saye. Daga 1923 Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara babban kundin da ya ba kowane irin kuɗin sarakunan Rum lamba, da lambar nan ake ciniki a gwanjo har gobe. Ƙananan kwabban ƙarni na huɗu an buga su da yawan gaske, ana samun su da 'yan daloli. Kwabon Yahudiya mai kyau kuwa sai dubban daloli. Wanda ya san sana'ar yana fara duba nauyi, sannan gefe: na jabu da aka zuba a narke yakan nuna layin haɗi da ƙananan ramuka, na gaske kuwa yana da tsagewar duka. Koren da tagulla ke yi a cikin ƙasa shi ne kariyarta kuma shi ne shaidar shekarunta. Wanda ya sa toka da lemun tsami ya dirje shi ya zubar da darajar kuɗin.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce daga ina abin ya fito. A 2010 wani mai neman ƙarafa da na'ura ya ci karo da tulu a wata gona kusa da Frome a Ingila. Bai tone shi ba, ya kira masana, suka kwashe shi daki-daki suka ƙirga kuɗi 52,503 na ƙarni na uku, suka gane yadda aka zuba su da lokacin da aka binne. Da ya juye tulun a buhu, da wannan ilimin ya tafi. Mu ma mun san wannan asara. Gumakan yumɓu na Nok da na Katsina da na Sakkwato an yi ta haƙe su da dare ana fitarwa, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai kula da Gidan Makama a Kano, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba.

Rum ba ta iso ƙasar Hausa ba. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, Korneliyus Balbus ya kai yaƙi har ƙasar Garamantawa a Fezzan ta Libiya. A 1925 kuma da aka buɗe kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan, wadda Abzinawan Hoggar ke ɗauka kakarsu, a Abalesa ta kudancin Aljeriya, an samu ɗan fallen zinariya mai tambarin kuɗin Sarki Kustantin. Mu a nan da wuri muka yi ciniki, shi kuwa wuri ba ya ɗauke da hoton kowa.

Amma al'adar zana waɗanda aka ci da yaƙi a jikin kuɗi ta biyo wata hanya ta same mu. Sarki Kalaudiyus ya mamaye Biritaniya a shekara ta 43 miladiyya. A kuɗin Sarki Hadiriyan aka fara zana tsibirin a siffar mace zaune da mashi da garkuwa, a na Antoninus Fiyus kuma ga ta nan ta ɗora kai a hannu. A 1672 Turawan Ingila suka ɗauko wannan mace suka sa a kwabonsu, ta tashi daga lardin da aka ci ta koma alamar ƙarfinsu. Ita ce ke tsaye kusa da zaki a bayan lambar azurfa da aka fito da ita a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka. Sojojin da suka bi Kanar Morland suka fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka wuce Sakkwato a watan Maris, sun samu lambar da ɗan ƙarfe mai rubutun Arewacin Nijeriya 1903. Da yawansu Hausawa ne, an buga sunayensu a gefen lambar, kuma har yau ana cinikinta a gwanjon Landan. Sarkin Kano Alu an kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. 'Yan shekaru bayan cin Kano sai ga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da kambin sarkin Ingila da sunansa, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu, da tauraro mai tsini shida. A Getso da Gwarzo da Kabo har yanzu akan tsinci irinsu a ƙasan adakar tsohuwa. Ba a zana kowa a ɗaure a jikinsu ba, amma da su aka koma biyan haraji, kuma kowa ya san wanda ya ci gari.

Abin da kuɗin Rum ba zai taɓa bayarwa ba shi ne bakin kamammen. A nan gida kuwa irin wannan labari bai ɓace ba. Yammacin Kano ya sha hare-hare a ƙarni na 19, daga Maraɗi da wasu wurare, dattawan yankin sun gaji labarin gudu zuwa cikin ganuwa da jin kuwwa. Wata tsohuwa, Baba, wadda ta taso a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, kudu maso yamma da Kano, ta zauna da Baturiya Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta. Ta faɗi yadda mahara suka faɗa wa gidajen danginta suka kwashe mata da yara, da sunayen waɗanda aka tafi da su, da yadda maza suka bi sawu, aka tara wuri aka fanso su. Littafin ya fito da Turanci a 1954, daga baya aka buga shi da Hausar da ta faɗe shi.