Alayyafo: abin da tukunyar Makarfi za ta koya daga ta Kabul

A Afganistan, alayyafo kan zama miya mai zaman kanta wadda ake kai wa baƙo da alfahari. A ƙasar Zazzau kuwa galibi ɗan rakiya ne a cikin fate ko miyar taushe. To amma ganyen da ake kira alayyafo a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma yadda ake dafa shi yana da tasiri a kan abin da jiki ke samu.

Suna ɗaya, ganye biyu

Duk wanda ya karanta bayanin girkin ƙasashen waje da aka fassara zuwa Hausa, zai ga ana kiran ganyen da Turawa ke ce wa “spinach” da sunan alayyafo, ko alayyahu kamar yadda wasu ke furtawa.

Sai dai masana tsirrai sun bambanta su. Wanda ake ci a Afganistan da Iran da Turai shi ne Spinacia oleracea. Wanda ake nomawa a fadamun Makarfi da Ikara da Kudan kuwa yana cikin jinsin Amaranthus, wanda Yarbawa ke kira tete. Dangi ɗaya suka fito, amma halinsu ya sha bamban.

Na Afganistan ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗin yanayin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Selsiyos ba, kuma da zarar zafi ya tsananta sai ya yi saurin fitar da fure, ganyensa ya lalace. Namu kuwa ɗan rana ne, yana bunƙasa ko da zafi ya haura digiri 30.

Wannan ne ya sa manomin Hunkuyi ko Makarfi ke iya samun alayyafo a damina da rani, muddin akwai ruwa, alhali wancan sai dai a gwada shi a tsakiyar hunturu, lokacin da ake shuka latas da kabeji da karas.

Tafiyar ganye daga Farisa

Masana tarihin abinci sun yi ittifaƙin cewa asalin alayyafon sanyi daga yankin Farisa ne. Littattafan ƙasar Sin sun nuna cewa ya isa can ta hanyar Nepal a shekara ta 647.

Musulmi ne suka kai shi yankin tekun Bahar Rum, daga nan ya shiga Andalus. A ƙarni na 12, masanin noma Ibn al-Awwam na birnin Ishbiliya ya yi bayaninsa a cikin Kitab al-Filaha, inda ya ɗaukaka shi a kan sauran ganyaye. Sunansa na Turanci ma daga Farisanci ya samo asali, ya bi ta Larabci. A yau ƙasar Sin ce ke noma fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa.

A Kabul ana kiran ganyen palak, miyar da ake yi da shi kuma sabzi, kalmar da ke nufin koren ganye.

Yadda ake dafa sabzi

Girkin ba shi da wahala, kuma mafi yawan kayan haɗinsa akwai su a kowace kasuwar ƙauye a arewacin jihar Kaduna.

Da farko akan soya albasa a mai har ta yi ja, a zuba tafarnuwa. Sai a zuba ganyen da aka wanke aka yanka, tare da wani ganye mai suna gandana wanda ya yi kama da lawashi, da wasu ganyaye masu ƙamshi, da gishiri da yaji kaɗan.

Ba a cika masa ruwa. Ana rufe tukunya ne a rage wuta, ganyen ya dahu a cikin ruwan jikinsa har ya tsotse, mai ya taso sama. Ana ƙara masa tsami da busasshen lemo ko ruwan lemon tsami. Idan da hali akan haɗa da naman rago, a kira shi korma sabzi.

Ana cin sa da farar shinkafa da ake kira calau, wadda ake tafasawa a tace, sannan a turara da ɗan mai. Sabzi da calau shi ne abincin da iyalai da dama suka saba ci a daren Nauruz, sabuwar shekarar da ke kamawa a kusan 21 ga watan Maris, ko da yake hukumomin Taliban sun cire ranar daga cikin ranakun hutu a shekara ta 2022.

Akwai kuma bolani, wato kwaɓin fulawa da ake murzawa ya yi faɗi, a zuba alayyafo ko gandana ko dankalin turawa ko kabewa a ciki, a ninke, a soya a kasko da ɗan mai. Ana cin sa da madara mai kauri irin kindirmo, kuma yana da farin jini a lokacin buɗa-baki.

Wani nau'in shi ne borani, inda ake haɗa dafaffen ganye da madara mai tsami da tafarnuwa. Ana danganta sunan da Buran, matar Halifa Ma'amun na daular Abbasiyya. Sai kuma zamarud palau, shinkafar da ake dafawa da alayyafo har ta koma koriya shar.

A tukunyar Zazzau

A Makarfi da kewaye, babban gidan alayyafo shi ne fate. Ana dafa tsakin masara da wake ko gyaɗa, a zuba yakuwa da gauta da albasa da alayyafo. Yana shiga miyar taushe tare da kabewa da gyaɗa, wadda ake ci da waina ko tuwon shinkafa ko funkaso. Yana kuma shiga dafa-duka da faten wake da faten doya.

Miyar alayyafo zalla ma sananniya ce, musamman a gidajen ma'aikata da cikin birane, inda ake soya tattasai da attarugu da albasa a zuba ganyen a kai.

Wato ke nan girkin ba baƙo ba ne. Bambancin yana cikin yawan ganyen da ke shiga kwano, da abin da ake yi masa kafin ya isa baki. A gidaje da yawa akan tafasa ganyen, a zubar da ruwan, a matse shi, sannan a sake dafawa. Wasu kuma kan jefa kanwa domin ya yi laushi kuma ya riƙe korensa.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a shekara ta 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekaru 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. A tsakanin yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa, adadin ya kai kashi 68 cikin ɗari.

Ƙarancin jini yana da dalilai da dama, ciki har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da cutar amosanin jini. Amma rashin sinadarin ƙarfe a abinci na daga cikin manyansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. A lokacin da nama da kifi suka yi tsada, ganye ne ke kusa da hannun talaka.

Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa a cikin giram 100 na ɗanyen ganye, alayyafon sanyi yana da kimanin miligiram 2.7 na sinadarin ƙarfe, irin namu kuma kimanin 2.3. Ta fuskar sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, namu ya ninka wancan, domin yana da kimanin miligiram 215, wancan kuma 99. Haka ma ya fi shi bitamin C.

Saboda haka mai lambu a Kudan ba shi da dalilin jin cewa ganyensa bai kai na Turawa ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa ya shiga, shan shayi tare da abinci kuma yana rage shigarsa. Sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A kuwa yana buƙatar mai kafin hanji ya tsotse shi.

A nan ne hanyar Kabul ke da abin koyi. Tana amfani da ganye mai yawa, ba ta zubar da ruwansa, tana haɗa shi da mai, kuma tana ƙara masa tsami. Kanwa kuwa tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, zubar da ruwa kuma yana tafiya da waɗanda ke narkewa a ciki.

Ita ma hanyar Kabul tana da nata aibin, domin doguwar dahuwa tana rage bitamin C. Maganin haka shi ne a taƙaita lokacin, a matsa lemon tsami bayan an sauke tukunya.

Gwada shi da kayan gida

Mai son gwadawa za ta iya farawa da manyan ɗauri uku ko huɗu na alayyafo, domin ganyen yana raguwa ƙwarai idan ya ji wuta. A tsinke ganyen a bar kara mai tauri, a wanke shi sau da yawa kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.

A soya albasa biyu a man gyaɗa, a sa tafarnuwa da ɗan attarugu. Lawashi zai tsaya a madadin gandana. A zuba alayyafon, a sa gishiri, a rufe a kan wuta kaɗan na kimanin minti goma. Da yake namu ya fi wancan tauri, za a iya yayyafa masa ludayi guda na ruwa ko romo.

Idan ya tsotse, a sauke a matsa lemon tsami. A gefe kuma a dama kindirmo da dakakkiyar tafarnuwa da gishiri da busasshiyar na'a-na'a. Za a iya ci da shinkafa, ko waina, ko gurasa. Dafaffen wake zai iya maye gurbin nama.

Abin lura shi ne, duka ganyayen biyu suna ɗauke da sinadarin okzalet, wanda ke da hannu a samuwar tsakuwar ƙoda. Wanda ya taɓa fama da wannan matsala, tafasawa da zubar da ruwan ya fi masa, kuma ya kamata ya nemi shawarar likita. Haka ma mai shan maganin tsinka jini na warfarin, saboda yawan bitamin K da ke cikin ganyen.

Wankewa ma ba abin wasa ba ne. Masu bincike sun daɗe suna gargaɗi a kan ganyayen da ake yi wa ban-ruwa da gurɓataccen ruwan birane, kamar na rafin Jakara a Kano.

Riba ga mai lambu

An fi sanin Makarfi da rake da mazarƙwaila, Ikara da Kudan kuma da tumatir da barkono. Waɗannan amfanin gona ne da ke ɗaukar watanni, kuma suna da haɗari. A shekara ta 2016 tsutsar Tuta absoluta ta yi wa gonakin tumatir ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Alayyafo kuwa yakan isa cira cikin mako uku zuwa biyar. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa manoma ke gauraya shi da yashi kafin su watsa. Idan yanka ake yi ba tugewa ba, yana sake tohowa a yi ta ɗiba. Wannan ya sa yake zame wa mai lambu kuɗin cefane da na man injin ban-ruwa kafin babban amfani ya nuna.

Matsalarsa ita ce ba ya jimirin ajiya. Ganyen da aka cira da asuba yakan yi yaushi kafin la'asar idan ba a yayyafa masa ruwa an ajiye a inuwa ba, sai mai shi ya karyar da farashi. Busar da shi a inuwa, kamar yadda ake yi wa zogale da rama, yana rage asara, ko da yake yana rage wani ɓangare na amfaninsa.

Yankin yana kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, dukansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda manoma ke iya neman bayani a kan iri da magungunan ƙwari. Batun magani yana da muhimmanci, domin ganyen da ake cira cikin 'yan makonni bai kamata a fesa masa magani dab da kai shi kasuwa ba.

Idan gidaje suka riƙa cin alayyafo a matsayin miya mai zaman kanta sau biyu ko uku a mako, buƙatarsa za ta ƙaru a kasuwa, mai lambu ya samu ciniki, mata da yara kuma su samu ƙarin abin da jikinsu ke nema a farashin da bai fi ƙarfin magidanci ba.