Me Ya Sa Ban Gajiya Ke Makara a Zamanin Waya?

A ƙasar Hausa godiya tana da lokacinta. In aka yi suna ko ɗaurin aure, washegari ko jibi mai hidima zai fita ban gajiya gida-gida, daga maƙwabta har dangin da ke wata unguwa. In aka aiko yaro da kwanon tuwo ko turmin atamfa, a ba shi tukwici, a kuma ɗora masa saƙo: "Ka ce mata na gode, Allah ya bar zumunci." Kyauta da godiyarta hanya ɗaya suke bi, a yini ɗaya.

Yanzu kuwa abin da ake yawan kuka da shi shiru ne. Mutum ya tura wa abokinsa gudummawar aure, ko ya taya shi kwanan asibiti wajen jinyar mahaifinsa, mako ya wuce, wata ya shuɗe, ko "sannu da ɗawainiya" bai ji ba. Da yawa nan take suke cewa butulci ne. A ganina an yi gaggawar yanke hukunci. Mafi yawan masu makarar nan suna sane da alherin da aka yi musu. Ranar godiyar ce ta kuɓuce musu, domin abubuwan da ke tsayar da ita sun gushe.

Babban abin da ya gushe shi ne ɗan aike. Tun shigowar wayar salula Najeriya a 2001 aike ya fara komawa kira. Daga baya kuɗin ma suka bi waya, musamman a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har masu sayar da kayan miya suka koyi karɓar taransifa. Dubi ango ranar ɗaurin aure: yana ƙofar masallaci ana ta musabaha, waya na cikin aljihun babbar riga tana ta motsi, alat na shigowa ɗaya bayan ɗaya. In ya duba da daddare, wasu sunayen an gutsure su, wasu kuma na masu POS ne, domin wanda ya aiko ba da asusunsa ya tura ba. Wa zai gode wa? Sai ya ce bari a gama hidima ya zauna ya tantance. Kafin ya zauna an shiga kai amarya, an shiga biyan bashin biki, hutun aiki ya ƙare.

A nan mata sun fi mu tsari. Har gobe a gidajen biki za ka ga wata ƙawa ko ƙanwar uwar biki zaune da littafi da biro, tana rubuta sunan kowace mai gudummawa da abin da ta kawo, domin ranar nata bikin za a mayar. Wanda aka rubuta sunansa da wuya a manta da shi. Maza da yawa sun dogara ga waya ta riƙe musu lissafi, ita kuwa adadin kuɗi take riƙewa, ba ta san wane ne abokin ƙuruciya ba.

Sai cunkoson saƙonni. Mutum ɗaya yana zauren WhatsApp na dangi, da na tsofaffin ɗalibai, da na wurin aiki, da na masallacin unguwa. Saƙon barka da aboki ya turo da safe, kafin La'asar ya nutse can ƙasa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, sau da yawa wanda ya fi jin nauyin alherin shi ya fi makara. Yana ganin "na gode" a rubuce ta yi kaɗan ga mutumin da ya biya masa kuɗin tiyata, don haka sai ya ƙudurta zuwa da ƙafarsa. Niyyar kyakkyawa ce, amma ba ta da rana.

Zuwan ma ya yi tsada. Garuruwa sun buɗe. Wanda ke Kurna a Kano, in abokinsa na Panshekara, sai ya ware rabin yini da kuɗin A Daidaita Sahu hawa biyu ko uku. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar yanzu sai da kuɗin mota. Balle abokan da neman abinci ya watsa zuwa Abuja, Legas, Yamai ko Jidda.

Da zarar an makara, sai kunya ta karɓi ragama, kuma a nan ɓarnar take. Godiyar kwana uku godiya ce kawai. Ta mako uku sai an haɗa da ban haƙuri. In ta kai wata uku, mutum ya fara shirya bayanin da zai yi, bayanin ya ƙi haɗuwa, ya ga kiran abokin ya kasa ɗauka, ya hango shi bayan sallar Juma'a ya bi wata ƙofa. Shi kuma mai alherin, da bai san abin da ke ran abokinsa ba, sai ya fassara shirun da raini, ko ya fara tunanin abin da ya bayar ne aka ga ya yi kaɗan. Wani ma ba godiyar ce damuwarsa ba. So yake ya san ko kuɗin sun shiga. Abota ta shekara ashirin takan yi sanyi a kan haka, ba tare da an yi ko cacar baki ba.

Illar ta wuce mutum biyu. A inda mafi yawan jama'a ba su da inshorar lafiya, gudummawar dangi da abokai ita ce madogara ranar rashin lafiya, gobara ko rasuwa. Wanda ya ba da nasa sau biyu ya ji shiru, karo na uku hannunsa zai yi nauyi.

Wasu sun samo mafita a godiyar jimla: a ɗora hoto a sitatus, a ce ana godiya ga ɗaukacin 'yan uwa da abokan arziki. Sanarwar godiya ba baƙuwa ba ce, an daɗe ana bayar da ita a gidajen rediyo, sai dai a da ƙari ce a kan zagayen ban gajiya. Sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma gwaggon da ta taso daga ƙauye da ƙwaryar gero a ka ba za ta taɓa ganinsa ba.

Gaskiya ne malamai suna jan kunnen mai bayarwa kada ya ɓata ladansa da gori, kuma mai jego da wanda aka yi wa rasuwa sun cancanci uzuri mai yawa. Amma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane, don haka nauyin na wuyan wanda aka yi wa alheri.

Mai shirin hidima ya wakilta mutum ɗaya ya riƙe littafi, ya kuma roƙi masu turo kuɗi su haɗo da sunansu. Cikin kwana uku a kira kowa, ko a tura masa saƙon murya da ambaton sunansa, ziyara ta biyo baya in hali ya samu. Kai kuma da kake da godiyar da ta kwana wata shida a wuyanka, kada ka jira sai ka haɗa bayani. Kira shi yau bayan Magariba, ka ce, "Malam, na makara, ka yafe ni. Na gode, Allah ya saka da alheri."