Hajiya Gambo Sawaba Da Hanyar Mata Zuwa Majalisar Jiha

A ranar zaɓe, duk wanda ya bi ta rumfunan zaɓe a Nahuce zai ga layi biyu, na maza da na mata. Sau da yawa ma layin mata ya fi tsawo. Yara masu tasowa suna zaton haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa an yi zamanin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a, balle ta nemi a zaɓe ta. Cikin waɗanda suka sha wuya kafin a sami wannan 'yanci, babu kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

Wace ce Gambo Sawaba?

An haife ta a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, an kira ta Gambo ne domin ita ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne mai aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Ta fara makarantar elemantare a Tudun Wada ta Zariya, amma karatun ya tsaya bayan rasuwar mahaifinta. Aka yi mata aure tana da shekara 13.

A shekarar 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta. Gambo ta shiga tun tana 'yar shekara 17, ba da daɗewa ba ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Garin Zariya. Kalmar Sawaba ita ce kirarin jam'iyyar, daga nan sunan ya bi ta. Ta riƙa shiga gida gida tana yi wa mata bayanin siyasa, tana kira a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma ba mata damar yin zaɓe. Hukumar En'e ba ta ji daɗin haka ba. An kama ta, an doke ta, kuma bisa ga abin da tarihi ya adana an ɗaure ta har sau 16. Duk da haka ba ta ja da baya ba.

A lokacin matan Kudu sun riga sun yi gaba. Sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, kuma a 1961 mutanen Aba suka zaɓi Margaret Ekpo ta shiga Majalisar Jihar Gabas. Matan Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara zaɓe, sa'an nan suka shiga babban zaɓen 1979. A Jamhuriya ta biyu Hajiya Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP. Ta rasu a watan Oktoba na 2001 ba tare da ta zauna kujerar majalisa ba, amma ita ta share wa na baya hanya. Akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta.

Ina aka kwana a Zamfara?

An cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Majalisar Dokokinta da ke Gusau tana da kujeru 24. Ƙaramar Hukumar Bungudu, inda Nahuce take, tana da kujeru biyu, haka Tsafe, haka Gusau. Ana zaɓen wakilai duk bayan shekara huɗu. Su ne ke yin dokokin jiha, su amince da kasafin kuɗin da gwamna ya kawo, su tantance kwamishinoni, su kuma bi sawun yadda aka kashe kuɗin jama'a. Ke nan maganar ungozoma a asibitin ƙauye, da rijiyar burtsatse, da malamai mata a makarantar firamare, duk a wannan zaure ake yanke ta.

A zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya da ta sami kujera a wannan majalisa. Haka aka yi a Kano da Katsina da Sakkwato. Amma a Jihar Kwara, a wannan zaɓe, an zaɓi Rukayat Shittu tana da shekara 26.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin Nijeriya bai hana mace tsayawa ba. Sharuɗɗan ɗaya ne ga kowa: mai nema ya kasance ɗan ƙasa, ya kai shekara 25 (kafin gyaran 2018 shekara 30 ce), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne zaɓen fid da gwani na cikin jam'iyya. Kuɗin takarda da na yawon neman ƙuri'a suna da yawa, tarurrukan 'yan siyasa galibi da dare ake yin su, ga kuma yarinyar da aka cire daga makaranta tun tana aji uku, wadda sharaɗin karatu ya riga ya rufe wa ƙofa.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin abin ta hanyar doka. A Indiya, tun 1993 aka ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokar kason mata a 2000, ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, ta kai shi kashi 25 a 2019. A Nijeriya kuwa Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin ware wa mata kujeru a watan Maris na 2022.

Kafin a sake waiwayar wannan magana, akwai abin da ke hannun mutanen karkara. Macen da ta kai shekara 18 ta yanki katin zaɓe, ta adana shi, kada ta sayar da ƙuri'arta don sabulu ko turmin atamfa. Mai sha'awar siyasa ta yi rajista da jam'iyya a mazaɓarta, domin daga nan ake fara hawa. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su kammala sakandare, tun da sai da wannan karatu doka za ta yarda su tsaya.