Gidan Yahudawa Da Ya Buɗe Ƙofarsa Ga Kowa

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wata cibiya da ake kira 92nd Street Y, wadda Yahudawa suka kafa a 1874 domin amfanin samarinsu. Sannu a hankali sai dandalinta ya zama matattarar masu fasaha, ba a tambayar addinin kowa.

A 1939 William Kolodney ya buɗe sashen waƙoƙi, inda marubuta kan karanta ayyukansu a gaban jama'a. A nan ne kuma Alvin Ailey, wani baƙar fata, ya fara fito da ƙungiyarsa ta masu rawa a 1958, zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a jihohin kudu.

Amma a watan Oktoba na 2023, bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, sai cibiyar ta soke zaman marubuci Viet Thanh Nguyen, wanda ya sa hannu a wata wasiƙa mai sukar Isra'ila. Wasu marubuta suka janye, wasu ma'aikata suka ajiye aiki, har aka dakatar da zaman karatun na wani lokaci. Ashe amanar da aka daɗe ana ginawa, rana ɗaya kan iya girgiza ta.