Kumandan: matuƙin jirgin da hanyar gida ta ɓace masa

A unguwarmu ta nan Yamai ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Kumandan kowa yake cewa. Mun kai shi makwancinsa bayan doguwar jinya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da yawa daga matasan da suka ɗauki makarar, wani tsoho kawai suka sani mai zama ƙofar gida yana tambayar masu wucewa ƙarfe nawa. Mu kuwa mun san wani mutum daban.

Muna yara muke ganinsa cikin farar riga mai galan a kafaɗa, mota na jiransa ta kai shi filin jirgi. Matuƙi ne a Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11 na Afirka, har da Nijar, suka kafa a 1961, mai mazauni a Abijan. Ya sha kai fasinja Dakar da Pari, amma jigilar alhazai zuwa Jidda ita ce abin alfaharinsa. Aikinsa aikin ƙwaƙwalwa ne: kafin jirgi ya motsa sai an bi jerin bincike ɗaya bayan ɗaya, a kai a kai kuma likita na duba matuƙi, ana sake jarraba shi. Bayan rushewar kamfanin a 2002 ya dawo gida, ya kama sahun farko a masallaci.

Abin ya fara da ƙanana. Ya ajiye makulli ya manta, ya yi tambaya ɗaya sau biyar. Muka ce tsufa ne. Sai wata rana bayan sallar isha'i aka tsince shi can bakin Gadar Kennedy, ya kasa gane hanyar gidan da ya gina da guminsa.

A nan ne muka gaza, mu maƙwabta. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iskoki, aka yi ta kashe kuɗi a banza. Wasu kuma suka janye ƙafa, wai tunda ba ya gane su, zuwan ba shi da amfani. Da aka kai shi ga likita sai ya ce cutar Alzheimer ce, wadda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, sabon abu ke fara gogewa, tsoho ya jima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da irin wannan ruɗewa, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Ba a samo maganin warkewa ba tukuna, sai na sassautawa. Kula da hawan jini da ciwon sukari kuma na rage haɗarinta.

Hajiya, mai ɗakinsa, ita ta ɗauki nauyin, shekara bakwai. Ta ɗinka masa takarda mai lambar waya a aljihun kowace riga. Idan ya tashi da asuba yana neman jakarsa, wai fasinja na jira, ba ta musa masa. Sai ta ce an ɗaga tafiyar saboda hazo, ya kuwa koma ya zauna, domin matuƙi ba ya jayayya da hazo. Da ta zo tana kuka don ya fara cakuɗa raka'o'i, mahaifinmu liman ya kwantar mata da hankali, ya ce wanda hankalinsa ya gushe, Shari'a ta sauke masa nauyi.

Ya manta Faransanci, ya manta Turancin da yake yi da hasumiyar filin jirgi, daga baya har sunayen ƴaƴansa. Fatiha ce ta rage masa, ba ya kuskure ko wasali ɗaya. A watansa na ƙarshe mun je gaishe shi da la'asar, sai ga wani jirgi yana sauka. Ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace bayan itatuwa, sannan ya juyo ya tambaye mu ko mu ƴaƴan wane ne.